Takarda Kafin Fenti

Kalgo,
farkon watan Oktoba.

Zuwa ga Kawu Attahiru,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, ina fata wannan takarda za ta same ka lafiya, kai da Inna Delu da duk mutanen gida. Ya jiki? Ya kunnen? Ranar Juma'a na kira wayar Inna ta miƙa maka, ina ta magana kana ta cewa "na'am?" har katina ya ƙare. Shi ya sa na ce bari in rubuto, Sule direba ya kawo maka.

Kawu, malamin zane na makarantarmu an yi masa canjin wurin aiki tun hutun da ya wuce, ba a turo kowa ba. Shugaban makaranta, Malam Abduljalil, ya kira ni ofis ya ce, "Ai ke 'yar gidan Malam Attahiru ce, zane a jininku yake." Magana ta ƙare ke nan. Ni da na karanta Hausa, ba a rage min darasi ko ɗaya ba, aka ɗora min zane tun daga aji ɗaya har aji uku na ƙaramar sakandare.

Ka san yadda nake koyar da shi? Na tsinci littafin da malamin ya bari, in kwafa a allo, yara su kwafa a littafinsu. Makon jiya na rubuta musu launuka, ja da shuɗi da rawaya, duk da farin alli. Wata yarinya ta ɗaga hannu ta ce, "Malama, da gaske in an haɗa shuɗi da rawaya kore ake samu?" Na ce haka littafi ya ce. Ni ma ban taɓa haɗawa ba.

Yanzu ga wata magana ta taso. Ƙungiyar tsofaffin ɗalibai za ta saya mana kayan zane. Shugabansu, Alhaji Lukuman, ya faɗa a fili cewa sau ɗaya ne, baɗi kuɗin na gyaran rufi ne. An ce in zaɓi abin da ake bukata kafin ƙarshen wata. Na duba a waya sai kaina ya ɗau zafi. Fenti iri-iri, na ruwa da na mai, buroshi kowanne da lambarsa, ga hotunan yara kowa da teburinsa, har da famfo a cikin aji. Mu kuwa benci ɗaya yara sun cika shi, saura suna ƙasa.

Na gaji, Kawu. In na dawo gida, ko abinci sai na yi da gaske nake ɗorawa. Kai ka koyar da wannan darasi har ka yi ritaya. Don Allah ka faɗa min abin da zan ce su saya. Tsorona kada in zaɓa ba daidai ba, dama ta wuce, yaran su gama makaranta ba su taɓa riƙe buroshi ba.

A gaida Inna. Allah ya ƙara lafiya.

Ɗiyarka,
Rumaisa

*

Gwandu.

Ɗiyata Rumaisa,

Wa alaikumus salam wa rahmatullahi wa barakatuhu. Takardarki ta iso. Muna lafiya. Kunne dai ya tafi abinsa, kuma ban ce babu hutu a ciki ba.

Da farko na so in ce miki na bar wannan aiki. Tun da na ajiye alli ban sake riƙe fensir ba, sai biro in za a tantance 'yan fansho. Amma Innarki ta ce in ban amsa ba, ba zan sha iska a gidan nan ba. To, ga abin da na sani.

Takarda kafin komai. Kowa yana gudu wajen fenti, a dawo a rasa abin da za a shafa shi a kai. Kada ki sayi littafin zane mai hoto a bango, bangon kike saye. Ki je wurin masu buga takardu a Birnin Kebbi, ki nemi farar takarda mai araha da guntayen da suke yankewa. Yaro in ya san takarda na da tsada, hannunsa rawa yake yi, ba ya zana komai. In ya san akwai wata, sai ya saki jiki.

Sai fensir, mai ɗan taushi, wanda aka rubuta 2B a jikinsa. Amma kada ki yarda da rubutun. Ki tafi da reza, ki fiƙe ɗaya daga kowane kwali a gaban mai shago. Akwai wanda bakin cikinsa a kakkarye yake, yaro zai yi ta fiƙa har fensirin ya ƙare bai ja layi ba. Abin goge fensir kuwa ki sayi kaɗan, ki riƙe a hannunki. In kin raba musu, darasin gogewa za ki yi, har takarda ta huje.

Maka, wato biron launin nan mai murfi, kada ki taɓa. Murfi ɗaya in ya ɓata ta mutu, kuma zai ɓata. Kalar nan mai kama da kyandir, zafin bazara zai narkar da ita a cikin kwalinta. Ki sayi garin fenti: ja, shuɗi, rawaya, baƙi da fari. Gari ba ya bushewa tunda a bushe yake. Ana dama shi da ruwa da ɗan ƙaro, ƙaro kuwa yana kasuwa. Gwangwanin madara ya ishe ki mazubi. Buroshi matsakaita, ki ja gashin da yatsa, in ya biyo ki ki ajiye. Almakashi kaɗan, ki ɗaura musu zare mai launi don a gane na makaranta ne.

Ki fara su da abin da ke gabansu, tulu, ƙwarya, ganyen mangwaro. Da haka babu uban da zai zo miki da maganar zanen mai rai.

Tambaya biyu. Akwai ruwa a makarantar? Kuma ina za a ajiye kayan?

Ga ƙulli biyu na sa a cikin ambulan, ragowar shuɗi da rawaya ne da na samu a ƙasan akwati. Ki haɗa da hannunki kafin ki sake ce wa yaro haka littafi ya ce.

In an tsayar da ranar saye ki sanar da ni, zan daure in zo mu shiga kasuwa tare. Innarki na gaishe ki. Allah ya yi miki albarka.

Kawunki,
Attahiru

*

Kalgo,
tsakiyar Oktoba.

Kawu,

Assalamu alaikum. Ina gaisuwa, ina kuma godiya. Allah ya saka da alheri, ya bar mana kai.

Na haɗa. A murfin kwano na dama, a gaban 'yan aji ɗaya. Da koren ya fito sai da ajin ya ɗauki ihu, malamin lissafi ya leƙo ya ɗauka faɗa ake yi. Ni kaina na tsaya ina kallon murfin kamar wata ƙaramar yarinya.

Ruwa akwai, rijiyar burtsatse ce a bayan masallaci, tana aiki in ta ga dama. Tambayarka ta biyu ce ta jawo min abin da ya hana ni sukuni.

Na ce da Malam Abduljalil ina son ganin inda za a ajiye kayan. Ya ɗauko makulli ya buɗe min sito. Kawu, ashe akwai kayan zane a makarantar nan! Wata ƙungiya ce ta kawo shekarun baya. Kwalaye ne a jere, ko gam ɗinsu ba a ɓare ba. Na ɗaga ɗaya sai ƙasansa ya zube, gara ta cinye takardun ta bar ƙasa. Fentin ya zama dutse a cikin robobinsa. Na ce, "Ranka ya daɗe, me ya sa ba a ba yara ba?"

Ya ce, "Malama, in masu duba makarantu suka zo suka ce ina kayan da aka kawo, me zan nuna musu? Abin da aka raba ya tafi. Wanda ke sito kuwa yana nan."

Na kakkaɓe ƙasar daga hannuna. Ba mugun mutum ba ne, kuma ba ya ɗaukar ko alli ya kai gida. An taɓa tuhumarsa a kan kujeru a wata makaranta, tun daga nan ya zama haka. Ya ce sababbin ma nan za su zauna, in ina so in rubuto a ba ni kaɗan-kaɗan. Na san wannan kaɗan-kaɗan ɗin.

Sai kuma Alhaji Lukuman. Na karanta masa abin da ka ce, ya yi dariya ya ce, "Haba Malama! In tara mutane in ce mun kawo guntayen takarda da gari a leda? Me za a gani a hoto?" Shi so yake a sayi katakon nan masu ƙafa uku da ake jingina zane, da akwatunan fenti masu kyau irin na kanti. In an bi tasa, abin da za a samu ko benci biyu ba zai isa ba.

Ga shi nan dai. Ɗaya yana son abin ɗaukar hoto, ɗaya yana son abin kullewa. Ni ce kawai a tsakiya, kuma ba ni na nemi darasin nan ba.

Bari in faɗa maka tun kafin ka ji a bakin wani. Na kai takardun neman aikin ofis a jami'ar nan ta Kalgo. Kujera da fanka, a tashi a kan lokaci. Ban san ko za su kira ni ba.

Alhaji ya ce ranar Asabar ta ƙarshen wata za a yi sayayya, zai haɗa ni da kuɗin da motarsa. A gaida Inna.

Ɗiyarka,
Rumaisa

*

Gwandu.

Rumaisa,

Amincin Allah ya tabbata a gare ki. Na karanta, ban yi mamaki ba. Irin wannan siton na san kamarsa da yawa. A wata makaranta da na zauna, sai da na yi shekaru ina koyar da zane da gawayi da bayan takardun jarrabawa, alhali kayan suna bayan bangon ajina a kulle. Na yi rubutu, na yi faɗa, na yi roƙo. Daga baya na daina. Ba na faɗa miki wannan don ki ji tausayina ba ne, don ki san girman abin ne.

Game da Alhaji, kada ki yi jayayya da mai bayarwa a gaban mutane. Yana da gaskiyarsa, shi ma akwai waɗanda zai yi wa bayani. Ki bar masa katakonsa guda biyu da akwatin fenti ɗaya mai ƙyalli, a sa a gaba ranar hoto. Ki ce masa sauran kuɗin kina son kowane yaro ya koma gida ya ce Alhaji Lukuman ya ba shi fensir. Kowane yaro, ki nanata masa wannan. Mutum yana son a ambace shi a gidaje da yawa.

Game da shugabanku kuwa, ba ni da dabara. Da ina da ita da na yi amfani da ita tun ina da ƙarfi.

Batun aikin ofis, ban ga laifinki ba. Ba zan ce komai ba sai sun kira ki.

Asabar ɗin zan biyo motar farko. Ki jira ni a tasha a Birnin Kebbi da hantsi. Na san wani mai buga takardu, in yana raye, ɗalibina ne. Kwana biyu kaina yana ɗan sarawa, Innarki na cewa in zauna, amma zaman ne ya ishe ni. Na ma sa an wanke min riga.

Allah ya kai mu.

Attahiru

*

Kalgo,
Lahadi.

Kawu,

Assalamu alaikum. Ina fata lafiya.

Na jira a tasha tun hantsi har aka kira azahar. Duk motar Gwandu da ta tsaya sai na leƙa. Na kira wayar Inna, a kashe. Direban Alhaji ya yi ta duba agogo, daga baya ya ce shi yana da wurin zuwa. Na koma da kuɗin ban sayi ko fensir ba. Alhaji bai ji daɗi ba. Ya ce ya ba ni zuwa Asabar mai zuwa, in ban saya ba zai aiki yaronsa ya sayo abin da ya ga dama.

In ka fasa ne, Kawu, da ka aiko Sule ya faɗa min. Na san ka ce ka bar aikin nan, ni ce na matsa maka. Ba zan sake ba. Amma don Allah a sanar da ni kuna lafiya, hankalina bai kwanta ba.

Rumaisa

*

Gwandu.

Ɗiyata Rumaisa,

Salamu alaikum. Ni ce Innarki Delu. Ki yi haƙuri da rubutuna, rabona da biro an daɗe. Ina gaishe ki, ina gaida mutanen gidanku.

Kawunki bai fasa ba. Ranar Asabar tun da yad dawo masallaci yas sa rigarshi, yas sa reza cikin aljihu, yac ce ta fiƙe fensir ce. Ya duƙa zai sa takalmi nan bakin ƙofa, sai naj ji faɗuwa. Da na fito bakinshi ya karkace, hannun dama ba ya motsi. Maƙwabta sunka taimaka munka kai shi asibiti Birnin Kebbi. Ta gaban tasha munka wuce, ɗiyata. Ni ban ko tuna kina can ba, wayar ma gida na bar ta.

Likita ya ce hawan jini ne ya taɓa mishi ɓarin jiki. An sallame mu jiya. Yana cin abinci kaɗan, yana gane kowa. Magana tana fita amma da nauyi, sai an kasa kunne. Hannun dai shiru.

Tun a gadon asibiti na ce a kira ki, yag girgiza kai. Wai in kin ji za ki bar sayayyar ki taho, Alhaji ya sayo shirme. Na biye mishi kwana biyu. Da takardarki ta zo na karanta, na ga kina zaton ya yi banza da ke, na ce wannan kam ba zan iya ba. Na nuna mishi, ya karanta, ya juya fuska bango.

Yanzu da nike rubutun ga shi yana kallona. Na rubuta mishi a tafin hannuna cewa ke nike rubuta wa. Ya ce in gaya miki sunan mai buga takardun Abdulrasheed, shagonshi na bayan kasuwa, ki ce ke ɗiyar Malam Attahiru ce. Ya ce ki je ki saya tukuna, sannan ki zo duba shi. Ni kuwa na ce ki zo duk sadda kika samu hali, gidanku ne.

Ki sa shi cikin addu'a. Allah shi yi miki albarka.

Innarki,
Delu

*

Kalgo,
tsakiyar Nuwamba.

Kawuna,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ya jiki? Allah ya ƙara sauƙi, ya sa kaffara ne. Ina gaida Inna da ƙoƙari.

Ranar da na zo na zauna kusa da kai har la'asar, ban iya ce maka komai ba. Kai ba ka ji, ni kuma in na ɗauki biro sai hannuna ya ƙi. Ka yafe min takardar da na rubuto ranar Lahadin nan. Yanzu bari in ba ka labari tun daga farko.

Ban bi umarninka ba, sai da na zo na gan ka sannan na je kasuwa. Na sami Malam Abdulrasheed. Da na faɗi sunanka ya miƙe tsaye. Ya sayar min da takarda a farashin da ya saro, guntaye kuwa buhu biyu ya cika min ya ce kada in yi masa maganar kuɗi. Yana gaishe ka, ya ce zai zo.

A shagon kayan makaranta na fito da reza. Mai shagon ya ce, "Hajiya, lafiya?" Na ce fensir zan gwada. Kwalin farko na fiƙe, ya karye, na sake, ya karye. Ya ce, "Hannunki ne." Na miƙa masa rezar, shi ma ya karye masa. Sai ya yi tsaki ya shiga ciki ya fito da wani iri. Ya yi ta tura min biron maka, wai shi makarantun kuɗi ke saye. Na ce a'a. Na ja gashin buroshi kamar yadda ka ce, na ajiye da yawa. Garin fari ban samu ba, na haƙura da huɗun.

Alhaji ya amince da maganar kowane yaro, amma katakonsa huɗu ya saya, ba biyu ba, da akwatin fenti uku. Kuɗin almakashi suka tafi a nan. Ban yi musu ba.

Ranar miƙa kaya aka share fili, aka jera kwalaye a kan tebur, aka tara yara a rana. Alhaji ya zo da mutanensa da mai ɗaukar hoto. Ina kallon Malam Abduljalil, makullin sito na hannunsa, har ya sa manyan yara biyu su tsaya kusa don kwashewa. Aka yi jawabi, aka yi addu'a. Wallahi Kawu ban shirya komai ba. Na dai tuna yadda ƙasan kwalin nan ya zube a hannuna, sai na ji bakina yana magana.

Na ce, "Alhaji, ko za ka miƙa musu da hannunka, a ɗauke ka suna zane? Hoton zai fi kyau."

Ya ce, "Ƙwarai kuwa! Malam, a buɗe, a buɗe."

Shugaba ya dube ni. Ya ce, "Alhaji, da an bari an shigar da su littafi tukuna."

Alhaji ya ce, "A shigar daga baya. Ku zo, yara, ku yi layi."

Haka aka ɓare kwalayen. Kowane yaro fensir ɗaya da takarda. Na aro tulun mai sayar da abinci na ɗora a kan kujera a tsakiyar fili, na ce su zana abin da suke gani. Suka zube a ƙasa, wasu a kan gwiwa, wasu sun ɗora takarda a bayan 'yan uwansu. Ban taɓa jin makarantar nan ta yi shiru haka ba. Alhaji yana ta zagayawa yana leƙawa, har ya manta da mai hoton. Katakonsa suna can gefe babu wanda ya kula su. Kafin a watse na sa aka kai garin fenti da buroshi da sauran takarda ɗakin malamai mata, muka sa a kabad ɗinmu.

Washegari na sami takardar tuhuma a kan teburina. Na raba kayan makaranta ba da izini ba, na kunyata shugaba a gaban baƙi. Na amsa, na ba da haƙuri a kan na biyun, domin gaskiya ne. Bai karɓi kayan ba, amma ya ce duk abin da ya ɓata ni zan yi bayani. Yanzu gaisuwa kawai ke haɗa mu. Wasu malamai na cewa na yi daidai, a ɓoye. Wasu na cewa in shirya, za a iya tura ni can ƙauyen Dangoma. Yara kuwa tuni wasu sun ɓatar da fensirinsu, ranar fenti kuma rijiyar ta ƙi, sai da muka roƙi ruwa a maƙwabta. Na koma gida da shuɗi har a gefen mayafi. Ban ji na yi wata nasara ba, Kawu. Gajiyar ma ta fi ta da.

Kuma sun kira ni. Jami'ar. Sun ce in je in karɓi takardar kama aiki kafin ƙarshen zangon nan, in ban je ba za su ba wani. In na tafi, na san babu wanda za a turo. In na zauna, ga ka nan, na ga inda hanyar take kaiwa. Ka ce ba za ka yi magana ba sai sun kira. To, sun kira.

Ga zanen tulun na wasu daga cikinsu na sa maka a ambulan. Ban iya tantance mai kyau da marar kyau ba, na dai ɗebo daga sama.

Allah ya ba ka lafiya.

Ɗiyarka,
Rumaisa

*

Gwandu.

Rumaisa,

Wa alaikumus salam. Ni ke faɗa, Innarki ke rubutawa. Jiki da sauƙi.

Ki je ki sami shugabanku ke kaɗai, ba a ofis ba, ki sake ba shi haƙuri. Ya cancanci wannan. Kayan kuma kada ki mayar.

Batun aiki, na kwana biyu ina juya shi. In na ce ki zauna, na cuce ki. In na ce ki tafi, na yi ƙarya a kan abin da nake so. Kada ki zauna saboda ni. Duk wanda kika zaɓa, ɗiyata ce ke.

Na duba zanen. Na sa an jingina min su a bango inda nake gani daga kwance. Yawancinsu suna danna fensir da ƙarfi, ki ce su sassauta. Yarinyar da ta rubuta Jidda a ƙasa ta ga inuwar tulun, ba wanda ya koya mata, ki sa mata ido. Akwai kuma wani Ubaidullahi. Hannunsa ya fi na kowa, amma tulun da ke cikin kansa ya zana, har ya yi masa ado da babu shi. Ki ce ya sake. Wannan karon ya dubi tulun.

Ki ba Sule ya kawo min in gani.

Kawunki,
Attahiru